Tun Gida Yana Bisa Takarda

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Kano zuwa Zariya, ko wadda ta nufi Gwarzo, ko ta Haɗeja, ya kuma saki idonsa dama da hagu bayan ya rabu da cunkoson gari, ba zai rasa ganin wani abu ba wanda yawansa ya sa muka daina mamakinsa, wato kangaye: gine-ginen da aka ɗauko da zafi, aka kai su linta ko kusa da ita, sa'an nan aka janye hannu, har tumfafiya ta tsiro a inda aka yi nufin falo, awakin unguwa kuwa suka mai da ɗakin uwargida wurin fakewa da rana. Galibin masu waɗannan kangaye ba matsiyata ba ne, ba kuma wawaye ba, mutane ne masu kyakkyawar niyya waɗanda suka yi shekaru suna ƙuntata wa kansu don su huta da wulaƙancin haya. Abin da ya kayar da su shi ne sun soma ginin a ƙasa alhali ba su gama shi a zuci da bisa takarda ba. Bangon da ke kan takarda da ɗan yatsa ake goge shi, amma in ya riga ya zama bulo da siminti sai guduma, gudumar kuwa kuɗi take ci sau biyu, na rushewa da na mayarwa.

Mafarin al'amari dai fili ne, a nan kuma mutum ke sayo wa kansa kwanciyar hankali ko shari'ar shekara goma. Mutanen Kano sun raba filaye gida biyu a bakinsu, awon gwamnati da awon igiya. Na farko shi ne wanda hukuma ta yanka, ta fitar da tituna da magudanan ruwa, ta kafa duwatsun iyaka. Na biyu kuwa gona ce mai ita ko magadansa suka miƙa igiya suka yayyanka, sau da yawa ba tare da an bar wa mota hanya ko an bar wa ruwa mafita ba, shi ya sa ya fi araha, shi ya sa kuma ya fi yawan rigima. Wajibi ne mai saye ya san cewa tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka zartar zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, abin da mutum ke samu shi ne izinin zama da mora, galibi na shekara 99, wanda satifiket ke tabbatarwa, kuma sayar da fili mai irin wannan takarda ba ya cika sai da yardar gwamna. Saboda haka takardar da dillali ya rubuta a gindin bishiya, ko da mai unguwa da dagaci sun sa hannu, shaida ce ta ciniki, tana da amfaninta, amma ba ta isa ta hana mutum tafiya ofishin KANGIS, mai riƙe da bayanan filayen Kano, ya bincika ko filin nan yana da wani mai shi, ko yana bisa hanyar da aka tsara, ko an jinginar da shi a banki.

Filin gado kuwa yana bukatar ihtiyaɗi na musamman. Idan ba a riga an raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taku nasa, fuƙaha'unmu na Malikiyya kuma sun tabbatar wa abokin tarayya shuf'a, wato ikon ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar. Kada ka yarda da babban wa shi kaɗai, komai tsawon gemunsa. Nemi ganin sauran, mata da maza, ko takardar rabon gado daga kotu. Bayan wannan, in da hali, kada ka sayi fili da rani. Je ka duba shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, ka kuma tambayi tsofaffin wurin ko can da kududdufi ne, gama kududdufai da yawa na birni an cike su da shara da ɓaraguzai an yanka, ginin da aka ɗora musu kuwa ba ya daɗewa sai ya soma tsagewa daga kusurwar taga. Haka nan baƙar ƙasar laka, irin wadda ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa, mai kumbura da damina ta daddare da rani, tana son harsashi dabam da na jigawa.

To, fili ya samu, a ce hamsin a ɗari, wato ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, kimanin mita 15 da 30. A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan ni kaina na kusa yin ɓarna. Lokacin da na yi azamar gina nawa, na tafi wurin mai zane da hoton wani gida da na gani a waya, mai dogon rufi kamar hular sarki, da tagogin gilashi tun daga ƙasa har sama, da falo mai ɗaukar mutum arba'in, na ce masa irin wannan nake so ba ragi ba ƙari. Ya zana, na biya, na kawo gida da daddare ina ta alfahari, na shimfiɗa takardar bisa tabarma. Maiɗakina ta daɗe tana kallo, ba ta iya karanta zanen gini ba, amma ta sa na nuna mata kowane ɗaki da yatsa, can sai ta ce, "Malam, a ina zan yi shanya? In an yi haihuwa, matan suna a ina za su zauna? Ragon layya fa, a falo za a ɗaure shi?" Na buɗe baki ban sami amsa ba. Zanen ya cinye filin duka, bai bar tsakar gida ba ko ta shimfiɗa tabarma biyu, madafa kuwa an cusa ta a tsakiyar gini babu tagar da hayaƙi zai fita, kai ka ce ba a taɓa soya daddawa da manja a ƙasar nan ba, kuma baƙo namiji ba shi da hanyar zuwa banɗaki sai ya ratsa ta gaban ɗakunan iyali. Tun daga ranar na ɗauka cewa wanda zai yi gida bai shawarci wadda za ta wuni a cikinsa ba ya bar shawarar da ta fi kowace amfani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu maza kuwa mafi yawanmu kwana kawai muke yi a gida.

Abin da ya kamata a kai wa mai zane, ashe, bayanin rayuwa ne kafin hoto. Mutum nawa ne a gidan yau, nawa ake tsammani nan da shekara goma sha biyar, sa'ad da yara maza suka balaga suna bukatar ɗakin da ke kusa da ƙofa, 'yan mata kuma suna bukatar nasu a ciki? Akwai tsohuwa da za ta dawo hannunka, wadda gwiwarta ba za ta iya matakalar bene ba? Kana da ɗalibai ko abokan ciniki masu sallama kullum? Akwai niyyar ƙarin aure, ko da ba a furta ba? Wannan ta ƙarshe mas'ala ce da maza ke jin nauyin faɗa a gaban iyali, amma gara a bar mata gefe a fili tun yanzu da a zo ana datse falo da katako daga baya, adalci tsakanin mata kuwa har faɗin ɗaki da samun iska yana shiga cikinsa.

Magabatanmu sun warware yawancin waɗannan tambayoyi tun da daɗewa, sai dai mun yi saurin raina amsarsu saboda da ƙasa suka rubuta ta. Dubi tsarin gidan birni na dā: zaure a bakin hanya inda maigida ke karɓar baƙi da karatu, sai ƙofar gida inda samari da baƙin kwana ke sauka, sai shigifa, sa'an nan cikin gida, an kuma karkatar da ƙofofin yadda wanda ke tsaye a waje ba zai miƙa ido ya hango tsakar gida ba, ta haka mace tana cikin sutura alhali tana ƙarƙashin sararin sama tana shan iska. Bangon tubali mai kauri a gindi yana shanye zafin rana da yini, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi mata ɓarna ba, da yake ba ta iya ɗaukar nauyi in tazara ta wuce ƙafa shida ko makamancin haka, ita ta tilasta wa magina ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, har aka sami irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, su ne maganin ruwa. Ba ina cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba ne, gama yaɓen shekara-shekara wahala ce, gwanayen aikin kuma sun ƙaranta. Amma wanda ya shiga Gidan Makama, tsohon ginin ƙasa na birnin Kano, da tsakar rana a watan Afrilu, ya fito ya shiga falon siminti mai rufin kwano da aka ɗauke wa wuta, ba ya bukatar wani malami ya yi masa sharhi.

Hikimar nan ana iya ɗaukarta a zuba cikin bulo. A shimfiɗa ginin yadda dogayen bangayensa da manyan tagoginsa za su dubi kudu da arewa, a bar wa gabas da yamma gajerun bangaye, domin ranar la'asar da ke dukan bangon yamma ita ce ke mai da ɗaki tanda har tsakar dare, hadarin damina kuma a ƙasarmu daga gabas ya fi tasowa, shi ke jiƙa bango ya cusa ruwa ta taga. A sa sito da banɗaki da matakala a yamma su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu don iska ta shiga ta fita, a ɗaga silin, a bar leɓen rufi ya fito ya yi wa bango inuwa, a kuma bar tsakar gida ko da ƙarama ce, da gurbin bishiya guda.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka, wanda shari'a ta yi magana a kansa tun kafin a san hukumar tsara birane. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka hana mutum cutar da maƙwabcinsa ta hanyar buɗe tagar da za ta tone masa asiri, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa abin da zai yi masa lahani, ko da a cikin mallakarsa yake haƙar. Wani magini kuma masani na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14. Yau sai ka ga mutum ya ta da bene a tsakiyar gidajen ƙasa, ya fuskantar da barandarsa ga tsakar gidan bayin Allah, har matan gidan su koma yin wanka da shanya cikin ɗari-ɗari, ya kuma saki indararonsa a kan katangar wani, sa'an nan yana mamakin abin da ya sa ba a amsa masa sallama da fara'a. Tagar bene a ɗaga ta sama da tsayin mutum in ta dubi maƙwabci. Ramin sokawe kuma a yi shawara da na kusa kafin a haƙa, domin masana lafiya suna son tazarar kimanin mita 30 tsakaninsa da rijiya, abin da fili ɗaya ba ya iya bayarwa sai maƙwabta sun haɗa baki sun mai da ramukansu gefe guda. Game da alƙibla, wadda daga Kano take gabas da ɗan karkata arewa, ko da yake malamai sun sauƙaƙa a cikin gini, juya mazaunin banɗaki ya dubi kudu ko arewa ba ya cin ko kwabo in an tuna tun a takarda.

Mai zane da injiniya ba ɗaya ba ne, kuma birkila, komai gwanintarsa, ba ya maye gurbin ɗayansu. Na farko yana tsara ɗakuna da iska da haske, na biyu yana lissafin nauyi, shi ke faɗin zurfin harsashi da kaurin ginshiƙi da yawan rodi. Wanda zai yi bene bai nemi injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ba yana wasa da rayukan iyalinsa. In zane ya kammala a kai shi hukumar tsara birane, a Kano KNUPDA, a karɓi izini kafin a sa diga, don jan fentin da hukuma ke shafa wa bangon da ba shi da izini ba ado ba ne.

Sai batun kuɗi, inda ƙana'a ke da rana. A sa wanda ya san aikin ya fitar da lissafin kaya dalla-dalla, buhu nawa, tifa nawa, rodi nawa, a kuma ƙara wani abu a kai saboda abin da ba a zata ba, gama farashi a ƙasar nan ba ya jiran kowa: a farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, duk da cewa a Obajana da Ashaka da Kalambaina ake yin sa, ba daga ƙetare ake kawo shi ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zaci in ya kai linta ya ci rabin tafiya, alhali rufi da wayarin da famfo da filasta da tayil da ƙofofi suna gaba, su ne kuma masu cin kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, maslaharsa ita ce a zana masa gidan duka, amma a tsara shi kashi-kashi, ya gama ciki da falo da madafa da banɗaki ya rufa ya tare, kuɗin hayar da ya huta biya su ci gaba da sauran. Rodi da tsakuwa da kwano ana iya tara su sannu a hankali. Siminti kuwa ba a ajiyarsa, in ya yi 'yan watanni, balle a ƙasa mai danshi, sai ya dunƙule ƙarfinsa ya ragu.

Ko jinga za a bayar ko kwangilar duka, a rubuta. Fuƙaha'u sun ƙi cinikin da ke da jahilci a cikinsa, wato wanda ba a san iyakar aiki ko lada ko ajali ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kuma, dab da ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma sai ka ga Musulmi biyu sun ƙulla aikin miliyoyi da "ai ba komai, mun zama ɗaya", bayan wata uku suna gaban alƙali. A faɗi aikin, a faɗi kaya da wanda zai saya, a biya bisa mataki bayan an ga aiki da ido, a riƙe wani kaso sai damina ta gwada rufi.

Ranar da aka kawo mini bulon farko, dattijon birkilan da ke riƙe da aikina bai ce wa direba komai ba, sai ya ɗauki guda ɗaya daga tsakiyar mota, ba daga sama inda ake jera masu kyau ba, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya saki. Bulon ya watse kamar dambu. Ya ɗauki ɓallin ya murza da babban yatsa, yashi ya zubo, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan siminti wucewa kawai ya yi ta kansa, bai zauna ba." Aka mai da motar. Daga baya muka sa aka buga mana a fili, muna ƙirga abin da kowane buhu ya fitar, ana ba shi ruwa safe da yamma. A wurinsa na koyi cewa algus a gini ya fi son wuraren da za a binne ko a shafe: harsashin da ba a haƙa ya kai ƙasa mai tauri ba, rodi mai milimita 10 a inda injiniya ya rubuta 12, ledar hana danshi da aka manta a ƙarƙashin daɓe, wayar wuta ta jabu a cikin bango, kwaɓin kankare da aka tsinka da ruwa don lebura ya ji sauƙin ɗauka. Kwaɓin da aka saba da shi a ƙananan gidaje shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kankare kuma ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so, ana ba shi ruwa mako guda a ƙalla, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Saboda haka kafintan da ke gaggawar cire katakon da ke tallafe da kankaren don ya kai wani aiki a ba shi haƙuri. Ranar zuba kankare, ko da za ka rasa kowace rana, kada ka rasa wannan, kai da injiniya, a ƙirga rodi kafin a rufe shi, domin bayan an rufe sai dai a yi tawakkali.

Rufi shi ne hular gida, yayi kuma ya fi shiga kansa. Dogon rufi mai tsini yana cin katako da kwano ninki ba tare da wata fa'ida ba a ƙasar da ba ta san dusar ƙanƙara ba, ɓoyayyen rufi kuma, wanda ake kewayewa da bango don ado, in ba a yi magudanarsa da faɗi da gwaninta ba, ganye da ledar da iska ta kwaso za su toshe shi ruwa ya koma cikin silin. Abin da ba a gani, shi ne ɗaure katakon rufi da rodin da aka binne cikin kankaren saman bango, shi ke hana iskar farkon damina, ta Mayu da Yuni, ɗauke kwanon gida ɗungum ta ajiye a unguwar gaba. Katakon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora.

Mun tare ana saura kwana kaɗan azumi, bangon waje ba fenti, ɗaki biyu ba tayil, aka yi 'yar walima aka kira maƙwabta da malaman unguwa suka yi addu'a. Ruwan farko mai ƙarfi da dare ya zo, na tashi da tocila ina bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya ina duban silin, na sami ɗigo wuri biyu, duka a inda kwano ya haɗu da bango, na yi musu alama da gawayi. Da safe na aika wa kafinta, da yake ragowar kuɗinsa na hannuna, kafin azahar yana kan tsani. Maiɗakina kuwa tana tsakar gida tana duba dashen darbejiyar da ta sa aka yi a kusurwar yamma, ta ce ruwan ya kwanta a gindinta fiye da kima, a kawo yashi kwano biyu a ɗaga wurin.